Gidan Tarihi na Jos: Abin da Mai Ziyara Zai Tarar

Mafi yawan baƙin da ke zuwa Jos yawon buɗe ido, musamman iyalai masu yara a lokacin hutun Sallah, gidan namun daji kawai suke nufa, su ga birai da kadoji su koma, alhali kuwa gidan tarihin da ke maƙwabtaka da shi a tsakiyar gari ya fi cancantar a ba shi yini guda. An buɗe shi a 1952 a ƙarƙashin jagorancin Bernard Fagg, Baturen Ingila masanin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, kuma yana cikin tsofaffin gidajen tarihi na Najeriya, domin na Esie da ke jihar Kwara, wanda aka kafa a 1945, shi ne ya riga shi.

Haƙar kuza ce ta haifar da wannan gida. A 1928 masu haƙa suka ci karo da wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yau, sa'annan wajen 1943 aka kawo wa Fagg wani kan daga yankin Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa ta doya don korar tsuntsaye. Daga kamannin da ya gani tsakanin kawunan ne ya gane cewa aikin al'umma ɗaya ne, wadda ta rayu a nan fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Idan mai ziyara ya matsa kusa da gilashin da aka ajiye irin waɗannan kawuna a ciki zai ga idanu masu kusurwa uku da aka huda ƙwayarsu, da hanci da baki su ma a huje, abin da masana ke cewa ya taimaka wajen fitar da tururi don kada yumɓun ya fashe a wuta. Kitson da ke kan wasu daga cikinsu ya fi komai ɗaukar hankalina, saboda an tsara shi tufka-tufka da kulawar da mai kitso ta yau za ta yaba. Waɗannan mutane kuma sun san narka tama, kamar yadda murhunan da aka tono a Taruga, kusa da Abuja, suka tabbatar.

Sashen tukwane ya tara tulu da randa da kasko daga sassan ƙasar nan daban-daban, kuma akwai rubuce-rubucen hannu na Larabci, da wani tsohon kan jirgin ƙasa na siririyar hanyar dogo da ta haɗa Zariya da Jos don jigilar kuza, wadda aka rufe a 1957. Waɗannan ana iya kewaya su cikin ɗan lokaci.

Inda ya kamata Bahaushe ya daɗe shi ne filin gine-ginen gargajiya, wanda Zbigniew Dmochowski, masanin zanen gini ɗan ƙasar Polan, ya tsara bayan ya shafe shekaru yana auna gidaje da masallatai a faɗin Najeriya. A can aka gina kwaikwayon ganuwar Kano, da kuma masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Na ainihin da ke Zariya an lulluɓe shi da ginin siminti tun shekarun 1970, don haka wanda yake son ya fahimci yadda masallacin yake a da, a wannan kwaikwayo na Jos ne zai samu abin da ya fi kusa da shi. Mutum yana shiga zai ji sanyin ɗakin ya bambanta da na waje, ya ɗaga kai ya ga bakan gizo, wato lanƙwasassun gine-ginen da ke riƙe rufi, suna tasowa daga ginshiƙai masu kauri suna haɗuwa a tsakiyar rufi, dukkansu da tubali da azara aka ɗaure su, babu ƙarfe babu kankare. Na ga wani dattijo yana shafa bango yana cewa jikansa, "Ka ga irin ɗakin da aka haifi kakanka a ciki, yanzu maginan da suka iya wannan sun kusa ƙarewa." Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya sa wurin ke da muhimmanci ke nan, domin ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe da makuba a kai a kai, ga shi damina a Jos tana da ƙarfi da tsawo, wanda ke nufin duk ranar da aka rasa masu sana'ar, ginin ma zai bi su.

A ganina duk malamin makaranta da ke Filato ko Bauchi ko Kaduna ya kamata ya kawo ɗalibansa, ya kuma nemi ma'aikacin gidan ya zagaya da su, saboda bayanin baki yana ƙara wa kayan daraja fiye da rubutun da ke jikin gilashi. Ya fi kyau a zo da safe a fara da kawunan Nok da filin gine-gine tun yara ba su gaji ba, a bar namun daji zuwa bayan Azahar. Wanda zai zo a Disamba ko Janairu ya taho da rigar sanyi, domin garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma hunturunsa ba irin na Kano ba ne.