Tsohuwar Motar Kaya da Ta Daɗe a Jibge: Wacce Ya Kamata Ka Saya Ka Tayar?

Da wuya ka ratsa tsohuwar tasha ko bayan gidan wani tsohon direba ba ka ga irinta ba: gingimari a ƙarƙashin darbejiya, tayoyi sun nutse a ƙasa, gara ta cinye katakon bodi, kaji na ƙwai a kujerar direba. Ina cikin masu ganin irin wannan mota su ji ba za su iya wucewa ba. Amma kafin ka taya, ka san cewa kuɗin sayenta shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da za ka kashe. Don haka nake auna kowace mota da abu biyu: lafiyar shasinta, da kuma ko za a samu kayan gyaranta a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano.

Idan da niyyar aiki ka zo, Marsandi 911 mai gajeren hanci nake fifitawa. Kamfanin Mercedes-Benz ya fara ƙera masu gajeren hanci a 1959, kuma a kan shasin 911 aka gina yawancin moluwe, manyan motocin fasinja na Legas. Injin da aka fi samu a cikinta shi ne OM352, na gas, mai silinda 6, lita 5.7. Ba kwamfuta, ba wayoyi barkatai. Famfon injekta ne da nozul, bakanike ya kwance da sifana ya mayar. An ƙera injin da yawan gaske, an kuma haɗa motocin Marsandi a kamfanin ANAMMCO da ke Inugu, shi ya sa har yau fistin da ringi da gasket ɗinsa ba sa wuyar samu. Aibinta nauyi. Tayoyi shida sababbi da gyaran birki kaɗai suna iya fin kuɗin da ka biya mai motar.

Bedford kuwa, musamman samfurin TJ da ya fito a 1958, ita ce ta fi kama zuciya, don da ita kakanninmu suka yi jigilar gyaɗa da auduga. A Sudan maƙera suna sake gina ta tun daga shasi, suna kiranta Sifinja. Mu a nan ba mu da wannan gata. An daɗe da daina ƙera manyan motocin Bedford a Ingila, kuma wanda ya san cikinta yanzu sai dattijo. Ka saye ta ne kawai idan akwai ta biyu da za ka riƙa cirar kaya a jikinta, ko ka yarda a dasa mata wani injin.

Mai ƙaramin ƙarfi ya duba a-kori-kura, Fijo 404 ko 504. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa Fijo a 1975, kuma 504 ta daɗe tana fitowa daga can, don haka kusan kowane gareji akwai wanda ya koyi aiki a kanta. Fetur take sha, kuma fetur in ya shekara a ajiye yakan zama danƙo ya toshe kafireto, sai an wanke tanki da bututu duka. Inda take mutuwa shi ne tsatsa: ɗaga tabarmar ƙasa ka duba, ka leƙa inda sifirin ya kama shasi.

Ranar dubawa ka tafi da bakanikenka, da guduma ƙarama da tocila. Ka kwanta ƙarƙashinta ka bi shasi kana ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi tas, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ga yana zubo ɓawo. Shasin da ya karye aka yi masa walda a tsakiya, bar shi ko da kyauta ne. Sannan ka zaro sandar awon baƙin mai. In man ya yi fari-fari kamar an dama madara, ruwa ya shiga injin.

Mai mota zai ce maka, "Alhaji, batir kawai za a sa ta tashi." Kada ka yarda a buga kik. Na taɓa tsayawa ina kallo aka yi wa wata haka, ashe ruwan damina ya bi ta salansa ya kwanta a silinda. Ƙara ɗaya muka ji, sandar fistin ta lanƙwashe. A sa sifana a juya injin da hannu. In ya zagaya sau biyu ba tare da ya cije ba, ka samu abin saye. In ya kafe, a cire nozul ko fulogi, a zuba gas da ɗan baƙin mai a kowace silinda, a bar shi kwanaki, amma ka rage farashi sosai, don ba a san abin da za a tarar ba sai an buɗe.

Injin gas yana da wani haɗari na daban. Abin da ke sarrafa mai cikin famfon injekta yakan maƙale saboda daɗewa, sai injin ya tashi da gudu ya ƙi mutuwa. A ajiye katako mai faɗi kusa, wanda za a toshe bakin shigar iska da shi. Man farko kuma daga jarka mai tsabta za a ba shi, ba daga tsohon tanki ba.

Sai takardu. Yawancin irin waɗannan motoci na gado ne. Ka goge lambar shasi ka gwada ta da ta takarda, ka tabbatar magada duka sun amince, a rubuta a gaban shaidu da mai unguwa. Ko ta tashi a ranar, da janwe za ka kai ta gareji, don robobin birki sun bushe, tayar da ta shekara goma a rana kuma ba ta ɗaukar tafiya.