Kamfanin da ya samo min aikin koyarwa a Doha: sun iya nema, ba su iya amsa saƙo ba

Tun da na fara koyar da lissafi a wata makaranta mai zaman kanta a Doha, tsofaffin abokan aikina na Kaduna suke tambayata game da kamfanin da ya haɗa ni da ita: yana da kyau, su ma su yi rajista? Ba zan kama sunan kamfanin ba, haka ma makarantar. Wajen samo wa mutum aiki dai sun san abin da suke yi. Daga ranar da ka sa hannu zuwa ranar da ka hau jirgi kuwa, kai da Allahnka ne, kuma wannan tsakanin shi ne yake hana barci.

Bari in ba su haƙƙinsu tukuna. Ba su karɓi ko kwabona ba, kuma haka ya dace, don dokar ƙwadago ta Katar ta hana a caji ma'aikaci kuɗin ɗaukarsa aiki. Makaranta ce take biyan la'ada. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko kuɗin riƙe gurbi, ka rufe wayarka. Matar da aka haɗa ni da ita a kamfanin ta gyara min takardar tarihin aikina, ta ce in ɗago shekarun da na yi ina shirya ɗalibai jarrabawar IGCSE ta Cambridge zuwa sama, in ambaci rajistata da TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya. Ta kuma faɗa min cewa a ganawar Zoom za a fi matsa min a kan kare yara da tafiyar da aji mai 'yan ƙasashe daban-daban fiye da lissafin kansa, haka kuwa aka yi. A ƙarshen Fabrairun 2024 takardar tayin aiki ta iso: albashi da riyal ba haraji, gida, inshorar lafiya, tikitin zuwa gida sau ɗaya a shekara. Riyal ɗin Katar a ɗaure yake da dala, 3.64 a dala ɗaya, ga shi a shekarar dala ta haura naira 1,500. Ba sai na ce na yi murna ba. A lokacin in na tura mata saƙo da hantsi, kafin azahar ta amsa.

Bayan sa hannu na samu imel guda mai jerin takardu, a ƙasa an rubuta a kawo su "a tantance". Shi ke nan bayanin. Ba wanda ya ce min tantancewar nan hawa-hawa ce: takardar digiri ta fara zuwa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja, daga nan Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin Katar, kowa da hatiminsa, kuma ba a tsallake ɗaya. Ba wanda ya ce min Katar tana son digirin ya zo da takardar makin kwasa-kwasai da wata wasiƙa daga jami'a mai nuna cewa a aji ka yi karatun, ba daga nesa ba. Wani malami ɗan Ghana da ya riga ni zuwa ne ya warware min wannan a wani zauren WhatsApp na malamai, cikin saƙon murya ɗaya. Kamfanin da wannan ce sana'arsa ya kamata a ce yana da shafi guda da zai miƙa wa duk ɗan Najeriya da ya ɗauka. Da na tambaya, sai aka ce min wai kowace ƙasa da tsarinta.

Takardar shaidar hali ta 'yan sanda ta fi ba ni haushi. Tana da wa'adi, saboda haka tambayar da na yi mai sauƙi ce: in karɓo yanzu, ko in jira ku kusa neman biza? Aka ce yanzu-yanzu, da gaggawa. Na karɓo, na tura. Ta zauna a akwatin imel ɗin wani har wa'adinta ya cika, sai ga saƙo wai a kawo sabuwa. Ko a ce a yi haƙuri.

Daga nan shiru kake ji. Azumi ya kama a ranar 11 ga Maris, kuma a Katar lokacin aiki yana komawa awa 6 a rana a watan, wannan na fahimta, ni ma azumin nake yi. Aka yi ƙaramar salla, aka dawo, amsar ba ta canza ba: "Ana kan aiki, za mu sanar da kai." Babbar salla ta zo 16 ga Yuni. Ƙarshen watan makarantar Doha ta rufe hutun bazara, sai imel ɗina ya fara dawowa da amsar na'ura cewa ma'aikaciyar ofishin tana hutu, a tuntuɓi wance, wance kuma nata imel ɗin ya ce a tuntuɓi ta farkon. Ƙari a kan haka, makon aikinsu Lahadi ne zuwa Alhamis, agogonsu yana gaban namu da awa biyu, kuma makarantu da sassafe suke buɗewa su tashi da wuri. In ka bari sai ka fito daga aji da rana a Kaduna sannan ka kira, sun riga sun kulle ofis. Saƙon da ka tura ranar Alhamis da la'asar, sai Lahadi wani zai gan shi, in ma an gani.

Su a wajensu jinkiri ne na ofis. Ni a wajena kuwa akwai mai makarantar da nake koyarwa, dattijo mai mutunci, wanda yarjejeniyarmu ta ce in ba shi sanarwar zango guda kafin in tafi. Ranar da ake haɗa jadawalin sabuwar shekara ya kira ni ofis, takardar a gabansa, biro a hannu.

"Malam, ajin SS3 ɗin nan, in rubuta sunanka ko in nemi wani?"

"Ranka ya daɗe, a ƙara min mako biyu."

"Mako biyun nan ka roƙa a watan jiya. Ni ba na riƙe ka, arziki ne, Allah ya sa alheri. Amma yaran nan WAEC za su rubuta."

Gaskiya ya faɗa. Gaba kura, baya sayaki: in na ajiye aiki biza ba ta fito ba na zauna a gida da iyali, in na riƙe kuma ta fito na bar dattijo da aji ba malami. A unguwa an riga an sa min suna Alhajin Doha. Mahaifiyata duk ranar da na je gaishe ta sai ta ce, "To, yaushe ne tafiyar?" Maiɗakina ta daina tambaya, sai dai in ga tana kallon fuskata duk lokacin da waya ta yi ƙara.

Sai da na iso na gane inda takarduna suka kwana. Matar kamfanin ba ta da hannu a biza ko kaɗan. Makarantar ce take fara neman amincewar Ma'aikatar Ilimi da Ilimi Mai Zurfi ta Katar a kan malamin, sannan a nemi bizar aiki, kuma duk zirga-zirgar nan mutum ɗaya ne yake yinta, wakilin makaranta a ofisoshin gwamnati, wanda kowa a nan yake kira mandub. Shi kaɗai ya san ko fayil ɗinka ya motsa. Kamfanin ya san da haka sarai. Layi huɗu sun isa su ce min ga matakan, ga inda kake, ga wanda yake riƙe da abin, kada ka sa ran labari kafin wata kaza. Wannan ai ba ya cin kuɗi. A fahimtata, lamarinsu irin na dillalin kasuwar shanu ne: da an tafa, la'ada ta tabbata, ya juya wajen wani san. Matar ba muguwa ba ce, guraben Satumba ne suka yi mata yawa, ni kuma a littafinta an riga an gama da ni.

Abin da ya fasa shirun shi ne shugabar sashen lissafi, wadda ta yi min tambayoyi a ganawar. Ita ce za ta rasa malami in ban zo ba, don haka ita abin ya dama. Na rubuta mata gajeren imel, na sa ofishin ma'aikata da kamfanin a kwafi, ba ƙorafi, ba dogon gaisuwa. Tambaya uku: an miƙa takarduna ga ma'aikatar ilimi ko ba a miƙa ba, wace rana ake son in kasance a Doha, wa zan kira game da biza. Na ƙara da cewa ranar kaza zan ba makarantata ta yanzu amsa ta ƙarshe, kuma ba barazana ba ce, haka abin yake. Na aika ranar Lahadi bayan sallar asuba don ya tarar da ita a farkon makonta. Tana hutu a ƙasarsu, amma washegari ta turo min lambar mandub. Shi kuwa mutum ne mai gajeriyar magana: "Ustaz, an amince, biza mako mai zuwa in sha Allah." Shi ya nuna min cewa zan iya duba matsayin bizar da kaina a shafin Ma'aikatar Cikin Gida ta Katar da lambar fasfo, abin da watanni ban ji daga bakin kowa ba.

Biza ta fito a Agusta, tikiti ya biyo baya ana saura 'yan kwanaki, na tashi daga Abuja. Direban makaranta yana jirana a filin jirgin Hamad da sunana a kwali, gidan ma a share. Gwajin jini da hoton ƙirji, ɗaukar zanen yatsu, katin zama na QID, duk mandub ya bi da ni ba wata wahala. Da ka shigo hannunsu komai yana tafiya, abin da ya ƙara ɗaure min kai game da watannin baya.

Abu ɗaya da nake so duk mai shirin zuwa ya duba tun a takardar tayi: yadda aka raba albashin. Kwantiragin gaske, wanda ake yi wa rajista a Ma'aikatar Ƙwadago da Larabci, yana raba kuɗin kashi biyu, ainihin albashi da alawus-alawus. Kuɗin sallama na ƙarshen aiki, aƙalla albashin mako 3 a kowace shekara, a kan ainihin albashin ake lissafa shi. Takardar tayina jimla kawai ta nuna, kuma da na tambayi kamfanin tun a Maris, tambayar tana cikin waɗanda ba a amsa ba. Haka batun lokacin gwaji, wanda doka ta yarda ya kai wata 6, da batun ɗauko iyali, wanda ba ya farawa sai katin zamanka ya fito.

In maki za a ba su, uku cikin biyar. Wanda bai san kowa a makarantun Gabas ta Tsakiya ba zai amfana da su, don ni kaina ba na jin takardata za ta kai teburin shugabar sashen nan ba tare da su ba. Amma kafin ya sa hannu ya nemi suna da lambar wanda yake bin biza a makarantar, ya nemi a rubuta masa wa zai biya kuɗin tantancewa, kuma ya gaya wa mai makarantarsa ta gida halin da ake ciki tun da wuri. Kuɗin tantancewar da na biya, da na takardar 'yan sanda har biyu, an ce za a mayar min da na iso. Na miƙa rasit a Satumba, suka shigo tare da albashin Disamba.