Kayan barcin hunturu da na ɗinka a gida: filanel ya fi yadin bargo

Bana na ɗinka wa yarana kayan barcin sanyi da kaina, da yadi iri biyu da na sayo a Kantin Kwari: filanel na auduga, wato yadin nan mai laushi da gashi-gashi irin na zanen naɗe jarirai, da kuma yadin bargo na roba mai kauri. Sun sa su tun daga Disamba har sanyi ya ja baya a Fabrairu, an wanke an sake wankewa. Idan 'yar uwa ta tambaye ni wanne za ta saya, filanel zan ce mata, musamman idan baƙin keken ƙafa ne a ɗakinta kamar nawa.

Yadin bargo shi ya fi jan ido a shago. Kina taɓa shi za ki ji ɗumi, launinsa ba ya zuba, bakinsa ba ya zarewa idan an yanka, ga saurin bushewa. Matsalar tana farawa ne a kan keke. Yadin yana miƙewa ta faɗinsa, shi kuwa keken ƙafa miƙaƙƙen ɗinki kawai ya sani. Sai ɗinkin ya riƙa tsallake, kuma yaro yana buɗe ƙafa a barci zaren tsakiyar wando ya tsinke, don yadi ya miƙe zare bai bi shi ba. Na samu sauƙi da na sa allura lamba 16 na kuma tsawaita ɗinkin, amma gaskiya wannan yadin na mai keken zigizaga ne ko na wibin, wato keken da ke kulle bakin yadi.

A jiki ma bai gamsar da ni ba. Sanyin Kano na asuba ne. Farkon dare, a ɗakin da aka rufe taga, yaro zai yi gumi a cikin roba, kuma roba ba ta shan gumi. Ga busasshiyar iskar hunturu da ke sa shi manne wa jiki yana ƙas-ƙas idan an cire, yana kwasar ƙura da duk wani zare da ke kan katifa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wuta. Gidajenmu da yawa ana shiga da kaskon garwashi ɗaki, da safe kuma yara kan zagaye murhu suna jin ɗumi da kayan barcinsu a jiki. Yadin roba idan wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne a fata. Filanel ma ba a ce ba ya ci ba, gashin nan nasa yana kamawa da sauri, musamman idan rigar burmemiya ce. A Amurka har doka aka yi a kan kayan barcin yara: ko dai yadin ya zama mai jure wuta, ko ɗinkin ya kama jiki. Shi ya sa ban yi wa 'yan matana doguwar riga mai baza ba. Riga da wando na yi wa kowa, hannu da ƙafa na sa musu roba. Wannan robar tana da wani amfanin kuma: wando ba ya naɗewa ya koma gwiwa cikin dare.

Filanel kuwa keke yana cin sa lafiya lau da allura lamba 14, kamar ana ɗinka atamfa. Sai dai yana da sharuɗɗansa. Auduga ce, tana shiga idan ta ji ruwa, don haka a wanke shi a shanya kafin a sa almakashi, kuma mai ja ko shuɗi a wanke shi shi kaɗai. Bakinsa yana zarewa sosai. Ko dai a kai a yi masa wibin, ko a yi ɗinki biyu a ninke bakin ya shige ciki. Ni ninkewar na fi so, don ba ta sukar fatar yaro da sanyi ya riga ya busar. Yana kuma tara gashi a ƙarƙashin haƙoran keke da wajen kwarkwaro, sai an riƙa buɗewa ana sharewa ana ɗiga mai.

Wajen yanka ban wahalar da kaina ba. Tsohon wandon yaro na ninke na ɗora a kan takarda, na zana da alli, na ƙara tsawo saboda girma, na kuma ɗaga bayan ƙugu kaɗan don kada baya ya buɗe idan ya dunƙule. Yadi biyu ya ishi ɗan shekara 5 ko 6. Wuyan rigar na yi shi a rufe da maɓalli a kafaɗa, ban sa zif ba.

Bayan wanki da yawa filanel ya yi 'yan ƙurajen gashi, furanninsa sun ɗan koɗe, amma laushinsa ƙaruwa ya yi, kuma basilin da man kaɗe da ake shafa wa yara suna fita da ruwan ɗumi da sabulu.

Ta fuskar kuɗi ba zan ce ya fi gwanjon Ƙofar Wambai araha ba. Mai haƙurin tona dila za ta iya samun mai kyau a ƙasa da kuɗin yadin. Sai dai na gwanjo sau da yawa robarsa ta mutu, ko a samu riga babu wandonta. Ragowar yadin bargon ban yar ba: na yanka shi na yi wa yaran huluna da ƙananan mayafai na rufa, inda ba a bukatar ɗinki mai jure ja.