Zaɓen Uwar Allo Don Kwamfutar Wasa Da Ƙure Gudun Furosesa

Mafi yawan masu haɗa kwamfutar wasa sukan ƙarar da tunaninsu a kan furosesa da katin hoto, sannan su sayi uwar allo, wato madabod, da ɗan abin da ya rage a aljihu. Gaskiya ne uwar allo ba ta ƙara wa wasa santsi da wani abin a zo a gani, amma ita ce ke yanke hukuncin ko furosesa zai riƙe gudunsa bayan awa uku yana aiki, musamman ga wanda ke son ƙure shi ya wuce ƙa'idar da kamfani ya gindaya masa.

Zaɓi na farko shi ne gurbin furosesa. A ɓangaren Intel, gurbin LGA1700 ya ɗauki furosesoshi zubi na 12 da na 13 da na 14, kuma daga nan ya tsaya, sai LGA1851 da cifset ɗin Z890 (cifset ita ce na'urar da ke haɗa furosesa da sauran sassan allo) suka gaje shi a 2024. Kafin a ƙure gudu a nan dole a haɗa allo mai harafin Z da furosesa mai harafin K. AMD kuwa ta fito da gurbin AM5 a 2022, ta kuma yi alkawarin ci gaba da shi har 2027 ko fiye, wanda ke nufin mutum zai iya sauya furosesa nan gaba ba tare da ya kwance komai da komai ba. Wannan dalili, haɗe da yadda Ryzen 7 9800X3D ya yi fice a wasanni, shi ya sa hankalina ya kwanta a kan AM5.

Abin da nake fara dubawa a kowane allo shi ne sashen tace wuta, wanda ake kira VRM, wato jerin ƙananan na'urorin da ke kewaye da gurbin furosesa suna sauko da bolt 12 na akwatin wuta zuwa bolt ɗaya da 'yan kai. Na koyi wannan ne da tsada. Na taɓa sayen wani allo da ba zan ambaci sunansa ba, kwalinsa cike da kirari, fitilu ko'ina, sai da na ɗora masa aiki mai nauyi na ga gudun furosesa yana faɗuwa bayan minti ashirin. Da na kwance abin da na ɗauka ƙarfen sanyaya ne, ashe rabinsa roba ce ta ado, ƙarfen da ke ƙasa kuwa ko tsagi ba shi da shi da iska za ta ratsa. Tun daga ranar ba na yarda da lambar matakan wutar VRM da aka buga a kwali, irin su 16+2+1, sai na san amfiya nawa kowane mataki ke ɗauka, domin wasu kamfanoni sukan jera matakai biyu a kan sigina ɗaya su ƙirga su a matsayin biyu masu zaman kansu.

Da wannan ma'auni ne MSI MPG X870E Carbon WiFi ya zama wanda na fi so. Yana da matakan wuta 18+2+1, manyan kuma kowanne na ɗaukar amfiya 110, abin da ya ninka bukatar kowane Ryzen da ke kasuwa, ƙarfen sanyayarsa kuma idan ka ɗaga allon hannunka zai shaida maka nauyinsa. Abin da ya fi burge ni shi ne tanadin da aka yi wa ranar da abu ya ɓaci, domin mai ƙure gudu dole wata rana ya saka adadin da kwamfuta za ta ƙi tashi. A bayan allon akwai maɓallin share saitin BIOS, wato manhajar da ke cikin allo mai tayar da kwamfuta, saboda haka ba sai an buɗe akwati ana laluben batir ba, akwai kuma maɓallin sabunta BIOS daga filashi ko da ba a saka furosesa ba. Sannan ga ɗan allon lambobi biyu da ke nuna inda tashin ya maƙale, ko a RAM ne ko a katin hoto. Sabunta BIOS ba ƙaramin abu ba ne: a 2023 wasu furosesoshin Ryzen 7000X3D sun ƙone saboda yawan wutar sashen SoC, wato ɓangaren furosesa mai kula da RAM, sai da AMD ta taƙaita ta a bolt 1.3 ta hanyar sabon BIOS, haka ita ma Intel a 2024 ta wannan hanya ta magance rashin daidaiton zubi na 13 da na 14. Ƙari a kan haka akwai USB4 da PCIe 5.0 da WiFi 7.

ASUS ROG Crosshair X870E Hero allo ne mai kyau, sai dai wani kaso na kuɗinsa suna ake biya. Maximus Apex da Aorus Tachyon masu gurbin RAM biyu na masu neman kafa tarihi ne da sanyin naitirojin, ɗan wasa ba ya bukatarsu. Jerin Tomahawk na MSI ya wadatar ga wanda zai kunna EXPO, wato shiryayyen saitin gudun RAM na AMD, ya bar RAM a DDR5-6000 ya ci gaba da wasansa. Ko wanne aka zaɓa, a karanta littafinsa kafin a cika guraben M.2, inda ake soka ma'ajiyar SSD, domin a alluna da yawa wani gurbin yakan ci daga layukan katin hoto ya mayar da su 8 maimakon 16.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wajen saye. Allo mai tsada yakan koma kwali a sake sayar da shi a matsayin sabo, kuma gurbin AM5 yana da allurai 1718 masu siririn gashi, ɗaya ta lanƙwashe ya isa ya kashe layin RAM guda. Na taɓa karɓar allo daga hannun wani da ya rantse ko sau ɗaya bai kunna shi ba, na yi kwana biyu ina zargin RAM ɗina, sai da na haska fitilar waya a karkace na hango allurai biyu sun kwanta a kusurwa. Kamfanoni kuwa galibi suna ɗaukar lanƙwasar allura a matsayin ɓarnar mai saye, garanti ba ya rufe ta. Saboda haka a cire murfin gurbin a gaban mai sayarwa, a haska daga gefe, a ga ko layukan suna ƙyalli iri ɗaya. Allon da ya zo ba murfi, a ajiye shi.

A gwada lambar da ke jikin kwali da wadda ke manne a allon, dole su zo ɗaya. A duba ramukan kusoshi, domin allon da aka taɓa ɗaurawa yakan bar zoben gogewa a kewayensu. A juya bayansa a nemi tabon dalma ko wani wuri da ya yi duhu kusa da sashen wuta, a kuma sansana, ƙaurin ƙuna ba ya ɓoyuwa. Ragowar man sanyaya a gefen gurbi ma shaida ce.

Akwai kuma wasu alluna marasa sanannen suna da ake tallatawa a intanet da lambar X79 ko X99, alhali cifset ɗin da ke kansu an ciro shi ne daga tsofaffin alluna masu rahusa. Suna iya tashi su yi aiki, amma sashen wutarsu ba na ƙure gudu ba ne. Da zarar an haɗa kwamfuta, a buɗe manhajar CPU-Z a tabbatar da sunan allo da cifset, sannan a bar manhajar HWiNFO tana nuna zafin VRM yayin da furosesa ke aiki mai nauyi na rabin awa, tun kwanakin mayar da kaya ba su ƙare ba.