Na'urar gargaɗin hayaƙi da iskar kabon monoksaid mai batirin shekara 10: abin da na gani cikin wata 18

Yau wata 18 ke nan da na ɗaura na'urorin gargaɗi guda uku a gidana, irin waɗanda suka haɗa aiki biyu a jiki ɗaya, wato gano hayaƙin gobara da gano iskar kabon monoksaid, waɗanda kuma batirinsu a liƙe yake a ciki, an yi shi ne ya kai shekara 10 ba tare da an canja shi ba. Da gangan na jinkirta rubuta ra'ayina, domin irin wannan kaya ba a yanke masa hukunci ranar da aka fito da shi daga kwali. Aikinsa shi ne ya yi shiru wata da watanni, sannan ya tsala ihu a daren da ake bukatarsa, don haka sai mutum ya zauna da shi kafin ya san ko shirun nasa na lafiya ne. Na'urar ta cancanci saye, kuma zan sake sayen irinta, amma haɗa aiki biyu a wuri ɗaya ya zo da wata matsala ta wurin ɗaurawa wadda takardar bayanin da ke cikin kwalin ba ta fito da ita fili ba.

Fara ce, zagayayya, faɗinta bai wuce tafin hannu da yatsu a buɗe ba. A cikin kwalin akwai farantin roba da ake kafawa a silin, da sukurori biyu, da takardar bayani mai ƙananan haruffa. A bayan na'urar an buga ranar da aka ƙera ta da lambobin ma'auni biyu, UL 217 na hayaƙi da UL 2034 na kabon monoksaid. A Turai kuwa takwarorinsu su ne EN 14604 da EN 50291. Duk wadda mutum ya juya bayanta bai ga ɗaya daga cikin irin waɗannan lambobi ba, gara ya ajiye ta, domin babu hanyar da zai tabbatar an taɓa gwada ta. Ɗaurawar ba ta da wuya, huji biyu ne da sukurori biyu, sannan a murɗa na'urar a kan farantin har ta ce ƙas, kuma wannan murɗawar ce ke kunna batirin. Abin da ya kusa kunyata ni shi ne wata 'yar jar hula ta leda da ta zo a kan kowace, wadda aka yi don kare ta daga ƙura lokacin aikin gini. Na cire ta biyu, na manta da ta ukun, ta kwana huɗu a silin da hularta, fitilarta tana ƙyaftawa kamar komai lafiya alhali hayaƙi ba shi da hanyar shiga.

Ɓangaren hayaƙin da haske yake aiki. A cikinta akwai ɗan ɗaki mai duhu da ƙaramar fitila, kuma idan hayaƙi ya shiga sai ya warwatsa hasken zuwa kan wani ido na lantarki, shi kuwa ya tayar da ƙara. Ɗaya nau'in da ake sayarwa yana amfani ne da ɗan ƙanƙanin sinadarin amerishiyam 241, yana kuma saurin jin wuta mai harshe, amma yana da yawan kuka a kan hayaƙin girki. Mai hasken ya fi saurin gano wutar da ke cin abu a hankali ba tare da harshe ba, kamar wayar lantarki da ta yi zafi a bayan kujera ko katifa da garwashi ya faɗa wa, kuma irin wannan wutar ce nake tsoro, domin ita ce ke cika ɗaki da hayaƙi mutane suna barci. Saboda haka na zaɓe shi, kuma ban yi nadama ba.

Ɓangaren kabon monoksaid shi ne dalilin da ya sa na sayi na'urar tun farko. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma tana fitowa ne daga duk abin da ke ƙona makamashi ba tare da isasshiyar iska ba: janareta, gawayi, murhun gas, risho, salansar mota. Idan aka shaƙe ta, tana kama sinadarin himogulobin na cikin jini da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200, sai jini ya riƙa zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, waɗanda kowa zai ɗauka gajiya ce ko zazzaɓi, mai barci kuwa yana iya wucewa bai ma farka ba. Ya kamata mai saye ya san cewa na'urar ba ta yin ƙara da zarar ta ji iskar. Bisa ma'aunin UL 2034, idan iskar ta kai kashi 70 cikin miliyan, ƙarar za ta tashi ne tsakanin minti 60 zuwa 240. Idan ta kai 150, tsakanin minti 10 zuwa 50. Idan kuwa ta kai 400, tsakanin minti 4 zuwa 15. An tsara haka ne domin illar iskar ta danganta da yawanta da kuma tsawon lokacin da aka ɗauka ana shaƙa. A nan ne na ga aibin farko: tawa ba ta da allon da ke nuna adadi, don haka ko dai ta yi shiru ko ta yi ihu, babu tsaka-tsaki, kuma gidan da ke da jariri ko mai juna biyu ko mai ciwon zuciya ya fi dacewa da wadda ke nuna lamba tun tana ƙasa.

Sau ɗaya ta yi ƙara da gaske. An ɗauke wuta da dare ana ruwan sama, sai ƙanena ya jawo janareta ƙarƙashin rumfa don kada ruwa ya taɓa shi, salansar kuwa tana fuskantar tagar ɗakin da ke kusa, wadda aka bari a ɗan buɗe. Wajen ƙarfe biyu na dare na'urar da ke bakin ɗakunan kwana ta tashe mu da ƙara huɗu a jere, ta ɗan tsaya, ta sake huɗu. Wannan shi ne salon kabon monoksaid, na hayaƙi kuwa uku ne masu ɗan tsawo, kuma na yi murna da na taɓa karanta bambancin, domin da ban sani ba da na tsaya neman wuta a inda babu ita. Na tashi kaina yana sarawa, na ce wa ƙanen nawa, “Kashe injin nan, kowa ya fito waje.” Muka buɗe ƙofofi da tagogi, muka tsaya a waje har ƙarar ta daina, da safe kuma muka je aka duba mu. Hukumar kula da cututtuka ta Amurka tana ba da shawarar a ajiye janareta aƙalla taku 20, wato kimanin mita 6, daga ƙofa da taga, namu kuwa bai kai mita biyu ba. A wannan daren na'urar ta yi abin da aka saye ta dominsa, kuma wannan kaɗai ya wanke ta a wurina.

Sai dai matsalar wurin ɗaurawa tana nan, kuma ita ce na fi so mai saye ya yi tunani a kanta. Hayaƙi sama yake tashi, don haka mai gano shi yana son silin, nesa da kusurwa inda iska ba ta motsi, idan kuma a bango ne kada ya sauka fiye da santimita 30 daga silin. Yana kuma son a nisanta shi da murhu da aƙalla mita 3, da ƙofar banɗaki saboda tururi, da fanka da taga saboda suna kore hayaƙin kafin ya isa gare shi. Kabon monoksaid kuwa nauyinta kusan ɗaya ne da na iskar da muke shaƙa, tana gauraya da ita ta bazu ko'ina, kuma maganar da ake yawan yi cewa ƙasa take kwanciya ba gaskiya ba ce. Saboda haka silin bai hana ta aiki ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, mai gano wannan iskar ana son shi a ɗakin da murhun yake, kimanin mita 1 zuwa 3 daga gare shi, wato daidai wurin da mai gano hayaƙi ba ya so. Da farko na ɗaura ɗaya a bakin ƙofar kicin don in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, sai ta riƙa kuka duk lokacin da mai ya yi zafi a kasko, har mutanen gida suka fara roƙo a cire ta. Na mayar da ita baya zuwa tsakiyar baranda, kukan banzan ya ƙare, amma kicin ya zauna babu mai gadinsa har sai da na sayi wata dabam, ta kabon monoksaid zalla. Ra'ayina shi ne mai haɗin nan ta ɗakunan kwana ce da barandar da ke gabansu da kowane hawa na bene; kicin kuwa yana bukatar tasa.

Batirin da aka liƙe shi ne abin da na fi yabawa. Ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta daɗe tana bayyana cewa kimanin uku daga cikin kowane mutum biyar da gobarar gida ke kashewa a can, a gidajen da babu na'urar gargaɗi ne ko akwai amma ba ta aiki, kuma batirin da aka cire ko ya mutu yana cikin manyan dalilai. Kowa ya san yadda abin ke faruwa: na'ura ta fara ɗan kukan ƙarewar batir da tsakar dare, a cire shi da niyyar sayo sabo gobe, goben kuwa ba ta zuwa. Wannan ba ta ba da wannan damar, kuma babu mai aron batirinta ya sa a rimot. Abin da za a lura da shi kawai shi ne kwanan watan da ke bayanta, domin shawarar da aka sani ita ce a canja na'urar hayaƙi idan ta cika shekara 10 daga ranar ƙera ta, ba daga ranar saye ba. Ɗaya daga cikin nawa ta riga ta yi wata 14 a kwali kafin ta zo hannuna, abin da ban gani ba sai ina kan tsani.

Kulawar ba ta da yawa. Ina danna maɓallin gwaji sau ɗaya a wata, ina kuma zuƙe ƙurar da ke ramukan gefenta bayan 'yan watanni, ba na shafa mata fenti, ba na fesa mata maganin sauro ko na goge-goge. Maɓallin gwajin yana tabbatar da batir da lantarkin ciki da ƙarar ne, bai tabbatar da cewa hayaƙi na iya shiga ba, kamar yadda jar hular nan ta koya mini, don haka sau ɗaya a shekara nakan gwada da feshin da ake sayarwa musamman don wannan aiki. Sau ɗaya ta tashe mu a banza da asuba, da na sauke ta sai na tarar da ɗan ƙaramin gizo-gizo ya yi saƙa a ramukan. A nan ne aibi na biyu ya bayyana: maɓallin da ke sa ta yi shiru ƙarami ne, kuma ya lotsa ciki, ta yadda sandar tsintsiya ba ta iya danna shi daga ƙasa, dole sai an ɗauko tsani cikin duhu ƙara tana huda kunne. Wanda ya tsara shi bai yi tunanin tsoho ko mai ciwon gwiwa ba.

Ƙarar tana da ƙarfi, desibel 85 a nisan mita 3 kamar yadda aka rubuta, amma siririya ce, kuma an san cewa yara da dama suna iya ci gaba da barci duk da irin wannan siririyar ƙara, haka ma masu raunin ji, waɗanda aka fi ba su shawarar ƙara mai kauri ta 520 a ma'aunin haz, wanda ake auna kauri ko sirantar sauti da shi. A daren janaretan, ɗana mai shekara bakwai bai ko motsa ba sai da na ɗauke shi. Kuma na'urorin nawa ba a haɗe suke da juna ba, kowace tana kukanta ita kaɗai, ta yadda idan ta ƙasan bene ta tashi, wanda ke sama ƙofa a rufe fanka tana juyawa da ƙyar zai ji. Na gwada wannan da kaina, na kwanta a gado aka danna ta ƙasa, abin da ya iso kunnena bai wuce ƙarar agogon hannu ba. Don haka na riga na yanke shawarar cewa ta ɗakin yara zan musanya ta da mai magana da murya, mai haɗuwa da sauran ba tare da waya ba, wadda ke can yanzu kuma in mayar da ita ɗakin baƙi da har yau ba shi da ko ɗaya.