Kafin Ka Sayi Ma'ajiyar Intanet Mai "Ba Iyaka", Tambayi Girman Siton

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da walima da saukar karatu, a nan Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba, har Ajah in aiki ya kira. Biki ɗaya, in aka haɗa kamu da ɗaurin aure da dina, yakan ci mini giga ɗari biyu kafin in tace. Shi ya sa 'yan'uwa suke yawan tambayata inda ya kamata su ajiye hotuna da takardunsu a intanet, kuma kusan kowa da irin tallan da ya gani: wuri ba iyaka, kuɗi kaɗan.

Ni ma na taɓa faɗawa. Wata rana a Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfuta da ke Ikeja, wani yaro ya sha gabana, ya ce, "Oga, anlimited ne, biya ɗaya, har abada." Naira dubu biyar na ba shi. Ya rubuta mini imel da kalmar sirri a bayan rasit, adireshin da sunan wata makarantar ƙasar waje da ban taɓa jin ta ba. Na yi watanni ina ɗora aiki cikin dare, lokacin da data ke araha. Ran nan wata Hajiya ta kira ni: "Ɗan nan, turo mini bidiyon auren ƙanwarka, 'yan'uwa na Jidda suna so su gani." Na ce, "An gama, Hajiya." Na buɗe, aka ce babu asusun. Da na koma Ikeja, wani mai sayar da caja na tarar a gurbin yaron. Bukukuwa uku suka tafi a haka, waɗanda na riga na goge daga faifaina saboda na amince. Ban ga laifin kowa ba sosai, don kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Irin wannan asusu na makaranta ne ko na kamfani, kai ɗan cin arziki ne a ciki. Mai kula da shi yana iya rufe ka ranar da ya ga dama, yana ma iya leƙa abin da ka ajiye. Ko makarantun gaskiya ma alfarmar ta ƙare musu: daga Yulin 2022 Google ya daina ba su wuri mara iyaka, ya yanka wa kowace makaranta tera 100 (tera ɗaya giga dubu ke nan) ta raba wa malamai da ɗalibai. Wanda ya tallata maka wannan yau, wuce shi kawai.

Amma kada a ɗauka 'yan bakin titi ne kaɗai. Manyan kamfanoni sun yi alƙawarin nan da bakinsu, sun kuma janye ɗaya bayan ɗaya. A Oktoban 2014 Microsoft ya ce masu biyan Office 365 za su samu wuri ba iyaka a ma'ajiyarsa ta OneDrive. Shekara guda bayan haka, a Nuwamban 2015, ya lashe amansa, ya mayar da su tera ɗaya, yana kukan cewa wasu sun jibge fiye da tera 75 a asusu guda, wai ninki 14,000 na abin da matsakaicin mutum ke ajiyewa. Har masu cin na kyauta abin ya shafa, aka rage musu daga giga 15 zuwa 5. Amazon ya sayar da nasa a kan kusan dala 60 a shekara daga 2015, ya soke a 2017, a ƙarshen 2023 kuma ya rufe Amazon Drive ɗin gaba ɗaya. Google Photos da ya saba wa duniya da zuba hotuna kyauta ya tsayar daga 1 ga Yuni, 2021. Dropbox ya bi sahu a Agustan 2023, ya ce wasu na amfani da tsarinsa na 'yan kasuwa wajen haƙar kuɗin kirifto, wasu kuma suna yanyanka wurin suna sayarwa.

Wanda ya fi ɗaga hankali shi ne na wani kamfanin Amurka mai suna Bitcasa. Da farko dala goma a wata yake karɓa, ka zuba iya ƙarfinka. A Oktoban 2014 ya ce ya fasa, ya ba mutane kusan mako uku su kwashe kayansu ko su koma sabon tsari, in ba haka ba a goge. Aka maka shi a kotu, alƙali ya ƙara wa mutane 'yan kwanaki, shi ke nan abin da aka samu a lokacin. Zuwa 2016 ya rufe ma'ajiyar.

A wannan rigima kowa da hujjarsa. Mai saye ya ce ku kuka rubuta ba iyaka, ban tilasta muku ba. Kamfani ya ce lissafinmu na mai matsakaicin kaya ne, ba na wanda zai zo da tirela ba. Ni dai ina bayan mai saye, domin wanda ya ce kowa ya ci ya ƙoshi bai kamata ya yi fushi da mai babban ciki ba. Sai dai goyon bayana ba ya dawo da fayil. Faifan da ake ajiye kayan kuɗi ake sayensa, wuta yake sha dare da rana, kuma sharuɗɗan da muke dannawa mu amince ba tare da karantawa ba galibi sun ba kamfani damar canja tsari bayan sanarwa. Mu da ke Najeriya mun san wannan karatun daga data mai "ba iyaka": ka kai wani mizani, sai gudun ya koma na hawainiya. Duk mai sito a kasuwar Mile 12 ya san buhu nawa sitonsa ke ci, in ya ce maka ba adadi, sai ka duba fuskarsa da kyau.

Don haka abu na farko, auna kayanka. Yawancin masu tambayata, in muka buɗe wayarsu, ba su kai giga 60 ba, rabi ma bidiyon guruf ne da aka turo sau uku-uku. Irin wannan mutum ba ruwansa da tera. Google na ba da giga 15 kyauta, amma a sani Gmail da Drive da Photos duk kwano ɗaya suke ci, kuma tun farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta masu Android ma ta shiga ciki. In ya cika, har imel ya daina shigowa, ka yi ta jiran saƙon banki ko na biza shiru. Giga 100 na Google One, tsarinsu na biya, ya ishi mai waya ɗaya. Mai iPhone giga 5 kawai iCloud ke ba shi, sai ya hau 50 ko 200. Dropbox giga 2 ne na kyautarsa, ba ya kai ko'ina.

Mai shago ko ƙaramin ofis, irin masu fiton kaya a Apapa ko 'yan canji da ke tara rasit da takardun kwastam, a ganina Microsoft 365 ya fi masa riba, don tera ɗaya yana zuwa tare da Word da Excel, tsarin iyali kuma yana ɗaukar mutum shida, kowa da terarsa. Wanda sirri ya fi damunsa ya duba MEGA, mai giga 20 kyauta, inda fayil ke kulle tun daga na'urarka. Sharaɗinsa ɗaya mai zafi: ka manta kalmar sirri, ka ɓatar da makullin ceto, su kansu ba za su iya buɗe maka ba.

TeraBox matasanmu sun rungume shi saboda tera ɗaya kyauta. Talla ce ke biyan kuɗin, kuma na kyautan yana da takunkumansa. Fim da waƙa da za ka iya sake samu, zuba su can. Takardar fili da fasfo, a'a. Haka Telegram, da wasu almajiran malamai ke tara karatuttukan tafsiri na shekaru a ciki: yana da daɗin rabawa, fayil ɗaya har giga 2, amma manhajar hira ce, in aka rufe tashar ko layinka ya salwanta, ka shiga uku.

Akwai masu sayar da "na har abada", biya ɗaya, kamar pCloud na ƙasar Suwizalan. Su sun fi gaskiya, don suna faɗin yawan wurin. Abin lura kawai, abadan ɗin nan tsawon ran kamfanin ne. Backblaze kuwa har yanzu yana cewa ba iyaka, amma madubin kwamfutarka ne: abin da ke cikinta yake kwafa, abin da ka goge shi ma zai goge bayan wani lokaci, faifan waje kuma sai kana jona shi akai-akai. Maganin sata da gobara ne, ba wurin sauke kaya ka samu fili ba.

Yanzu ga abin da tallan ba ya faɗa, wanda kuma ya fi shafar mu a nan: hanyar fita. A gudun megabit 10 a daƙiƙa, sauke tera ɗaya yana cin kwana tara da ɗoriya, ba ɗauke wuta, ba yankewar sabis. A Agege wa zai yi maka wannan alƙawari? Ga kuɗin datar, wanda ya ƙara tashi tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025. Ka ɗauka kai ne mai tera biyar a Bitcasa aka ba ka mako uku. Shi ya sa kafin in biya shekara, wata ɗaya nake saye, in ɗora fayil mai giga biyar, in sauke shi da tsakar rana a kan layin da nake aiki da shi, in gani. Sannan in nemi amsar tambaya biyu a shafinsu: in na kasa biya, kwana nawa kafin a taɓa kayana? In na daɗe ban shiga ba fa? Google, alal misali, yana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a buɗe ba. Wannan ya shafi masu ajiye hotunan iyaye da suka rasu a tsohon imel.

Batun biya ma a duba. Duk abin da aka yi wa farashi da dala yana hawa da ita. Wanda ya shiga kafin a saki naira a Yunin 2023, lokacin da farashin dala na hukuma bai kai naira 500 ba, ya ga dala ta haura 1,500 a 2024, kuɗin hayarsa ya ninka uku bai ƙara ko giga ɗaya ba. An kuma yi lokacin da bankuna da dama suka hana katin naira biyan waje. In akwai tsarin da ke karɓar naira kai tsaye, fifita shi, ko da ya ɗan fi tsada.

Mu masu kaya da yawa, faifan ajiya na hannu har yanzu shi ne ginshiƙi, intanet mataimaki. A Computer Village ɗin ma a yi hattara, akwai filash da ke nuna tera 2 alhali cikinsa bai fi 'yan giga ba, kana zubawa yana taka na baya. Gwada shi da manhajar H2testw kafin ka amince masa. Ni yanzu faifai biyu nake da su, ɗaya a shago, ɗaya a gidan yayana a Idi-Araba saboda ruwan damina da wutar Nepa mai zuwa da ƙarfi. Tataccen bidiyo kaɗai nake ɗorawa a tsarin tera 2 da nake biya, kuma a rasit nake rubuta wa mai biki cewa wata shida zan riƙe masa, ya sauke nasa. Hajiya kuwa, a wayar wata ƙawar amarya muka samo minti goma sha biyu na kamun, hoton yana rawa, shi aka tura Jidda.