Shokin da ya dace da bonet ɗin kabon faiba, da waɗanda za su fasa maka shi

Bonet ɗina na farko na kabon faiba, wato saƙar zaren kabon mara nauyi da aka daskarar da danƙo, bai cika wata huɗu a kan mota ba ya tsage. Ban yi karo ba, ba kuma wanda ya zauna a kai. Wata safiya ina goge ƙura sai na lura kusurwar baya ta ɓangaren direba ta ɗan ɗago sama da fenda, da na buɗe kuwa na tarar da tsaga kamar zare ta zagaye wurin da shoki, wato abin da ke riƙe bonet a buɗe, yake kama bonet ɗin. Abin da na yi shi ne abin da kusan kowa yake yi: na cire bonet na ƙarfe, na ɗora mara nauyi, na mayar da shokin da motar ta zo da su daga kamfani ba tare da na yi tunanin komai ba. Tun daga ranar, duk shokin da zan duba, tambayata ta farko ita ce ina ƙarfinsa yake sauka idan bonet yana rufe.

Shokin bonet bututu ne da aka cika da iskar naitirojin a matse, da sanda mai shiga da fita ta bakinsa, da ɗan mai kaɗan da ke jiƙa robar bakin. Ana auna ƙarfinsa da niyuton, shi ya sa za ka ga an buga lamba a jikinsa da harafin N, kamar 250N ko 400N. Kusan niyuton 10 ne ke daidai da nauyin kilo 1. Abin da mai sayarwa ba ya cika faɗa shi ne wannan lambar ƙarfin shoki ne yana miƙe, a yanayin zafi na digiri 20. Idan ka rufe bonet, sandar ta shige ciki ta ƙara matse iskar, ƙarfin yakan hau da kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari, ya danganta da ƙirar. Sai kuma zafin inji, wanda duk digiri 10 da ya ƙaru yana ƙara kusan kashi 3 da rabi cikin ɗari. Ɗauki shoki mai 300N: a rufe ya kai wajen 390, idan ɗakin inji ya kai digiri 80 ya doshi 470. Wato kamar kilo 47 ke nan yana tunkuɗar wuri guda da bai fi tafin hannu ba, a kowane gefe. Bonet na ƙarfe ba ya ko jin wannan. Na kabon kuwa fata biyu ce aka manna da danƙo, ta sama da ta ƙasa, kuma turin yana neman raba su ne.

Saboda haka shokin kamfani ba ya cikin lissafi. An auna shi ne da bonet mai ninkin nauyin naka, kuma masu ƙera bonet ɗin kabon da yawa suna rubutawa ƙarara cewa a cire shi. Cire ɗaya a bar ɗaya, dabarar da wasu ke yi, murɗe bonet take yi gefe guda, ban ga abin yabo a ciki ba.

Sandar tokarewa ita ce mafi aminci, wannan ba gardama. Idan bonet yana rufe ba ta tura komai, ba ta da iskar da za ta tsiyaye, nauyinta kuma bai taka kara ya karya ba. Wanda motarsa ta tsere ce zalla, ya tsaya a kan sanda ya huta. Ni dai ta ishe ni. Kullum tana tsaye daidai inda gwiwar hannunka ke son wucewa, kuma bonet mara nauyi iska kaɗan ke ɗaga shi daga kan sandar ya faɗo maka a ƙeya. Sau biyu hakan ta same ni.

Akwai shoki mai ƙaramin ƙarfi da aka ƙayyade tun daga masana'anta. Yana aiki idan ka dace da lambar, kuma kamfanonin da suka daɗe a harkar irin su Stabilus da Suspa na Jamus suna yin su a matakan ƙarfi daban-daban. Hanyar ƙiyasi mai sauƙi ce. Ka ɗora tsohon bonet a sikeli, ka ɗora sabon, ka rage ƙarfin gwargwadon yadda nauyin ya ragu. Idan na ƙarfe kilo 18 ne da shoki biyu masu 300N, sabon kuma kilo 9, to wajen 150N kake nema kowanne, muddin tsawo da wurin ɗaurawa ba su canza ba. Matsalar ita ce ƙiyasi ne. Bonet mai hujin shan iska a gaba, nauyinsa ba ya zama inda na kamfani yake zama, sai ka saya ka ga ya yi yawa ko ya gaza, ka sake saye.

Wanda nake amfani da shi yanzu, kuma wanda zan ce wa kowa ya nema, shi ne shoki mai bawul ɗin rage iska, haɗe da ƙarfen ɗaurawa da ke kama notunan hinji, wato mahaɗin da bonet ke juyawa a kai, maimakon jikin bonet. Abu biyu ne a nan, kuma kowanne yana maganin rabin ciwon. Ƙarfen ɗaurawar yana shiga ƙarƙashin notunan da suka riga suka haɗa hinji da bonet, ɗaya bakin kuma ya kama notin fenda, don haka ba huda, kuma mafi yawan turin yana bi ta ƙarfen hinji, ba ta fatar kabon ba. Bawul ɗin kuma wani ɗan ƙaramin noti ne a gindin bututun. Shokin yana zuwa da ƙarfi fiye da buƙatarka, kai za ka riƙa sassauta notin kaɗan, iska ta yi fis na ƙiftawar ido, ka ɗaure, ka gwada. Ka riƙa ƙirga sau nawa ka saki a dama, ka saki daidai haka a hagu. Abin da kake nema shi ne bonet ɗin da sai ka ɗaga shi da hannunka har wajen rabin hanya kafin shoki ya karɓa ya ƙarasa a hankali, ya tsaya a sama ba ya zamewa, kuma yatsu biyu su isa su sauko da shi. Idan kana sakin makulli ya yi tsalle da kansa, har yanzu iska ta yi yawa. Ka yi wannan aikin inji yana sanyi, ka kuma bar ɗan rara, domin shokin da ka daidaita shi cif-cif da rana tsaka zai iya kasa riƙewa da sanyin asuba. Aibinsa guda ne, kuma babba: iskar da ta fita ba ta komawa a gida. Ka wuce gona da iri, shokin ya zama sanda mara amfani. Ni na lalata guda ɗaya kafin hannuna ya faɗa, kuma duk da haka na fi ganin ribarsa a kan sake sayen bonet. Ko da shi ma, bayan mako guda ka duba kusurwoyin baya, idan sun ɗago ko da kaurin tsabar kuɗi ne, ka ƙara rage iska.

Wajen aunawa, kowane bakin shoki wani ɗan ƙwallon ƙarfe yake kamawa, kuma daga tsakiyar wannan ƙwallon zuwa tsakiyar wancan ake auna tsawo, shoki yana miƙe. Ƙwallon da ya fi yawa a motoci mai milimita 10 ne. Ka tabbata idan bonet ya rufe sandar ba ta ƙure ba, domin shokin da ya ƙure ya daina zama shoki, ya zama guduma. A ɗaura shi bututu a sama, sanda a ƙasa, don man ya zauna a kan robar. Kada a shafa wa sandar giris, kada a kama ta da filaya.

Yanzu maganar jabu, wadda ita ce ta fi cin raina. Bayan bonet na farko ya tsage, na yi odar shoki biyu da aka rubuta 150N a jikinsu. Da suka iso na kasa danna ko ɗaya da hannu. Na kafa shi a kan sikelin da ake auna nauyin mutum, na danna da jikina har sandar ta fara shiga, allura ta tsaya a kilo 30 da wani abu. Ɗayan kuma bai kai haka ba, wato ko junansu ba su yi daidai ba. Sitika ce kawai aka liƙa. Tun daga nan ba na ɗaura shoki sai ya hau sikeli. Dannawar farko takan nuna fiye da gaskiya saboda robar ta kama sandar, don haka ka danna sau biyu ko uku kafin ka karanta, sannan ka ninka kilo sau 10. Shoki na ƙwarai lambar ƙarfinsa da lambar samfurinsa a buge suke a jikin bututun, sandarsa sumul take ba ƙuraje, kuma idan ya kusa gama miƙewa yakan lafa a hankali. Na jabu yakan buga kau a ƙarshe, wannan bugun kuwa kai tsaye yake shiga bonet ɗinka. Ka ga danshin mai a sandar tun yana cikin leda, mayar da shi. Ka yi hattara da kalmar "na musamman don kabon faiba" idan ba a faɗi niyuton nawa ba ne, sau da yawa shokin kowa da kowa ne aka naɗe bututunsa da sitika mai zanen saƙar kabon. Zanen jikin bututu ba ya rage ko niyuton ɗaya.

Shi kansa bonet ɗin ba a bar shi a baya ba wajen algus. Da yawan abin da ake kira kabon faiba shimfiɗa ɗaya ce ta kabon a sama don ido, sauran duk faiba ce ta gama-gari. Wannan ba laifi ba ne idan an gaya maka, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma a sayar maka da shi da sunan kabon zalla cuta ce. Akwai ma wanda ko shimfiɗa ɗayar babu, fenti ne ko leda mai zane. Ka juya shi ka dubi cikinsa, ka ɗora shi a sikeli, domin wani bai fi na alminiyam ɗin kamfani sauƙi ba ko kaɗan. Sannan ka bi wuraren hinji da makulli da inda shoki zai kama da maganaɗisu. Idan ya kama, akwai farantin ƙarfe a binne a ciki. Idan bai kama ba, ko dai farantin na alminiyam ne, wanda sai mai sayarwa ya nuna maka shaida, ko kuma notin a cikin danƙo kawai yake zaune, kuma irin wannan bonet ɗin ko shoki mai 100N ban yarda a jingina masa ba. Nawa na farko haka yake, sai bayan ya tsage na gani.

Duk shokin da ka zaɓa, ka haɗa da fil ɗin kulle bonet guda biyu a gaba. Ƙugiyar makullin a irin wannan bonet manna ta aka yi ko aka ɗaure ta a faiba, kuma idan ta ɓalle kana gudu, bonet ɗin kan gilashin gaba zai kife, shoki kuwa taya shi tashi zai yi. Wajen rufewa kuma kada ka danna tsakiya, ka sa tafukan hannu biyu daidai kan makulli ka danna a hankali har ka ji ya kama.